Bututu Mai Kaurin Yatsa

Likitar ta ɗaga bututun, kaurinsa ya kai babban yatsa. Dattijon da ke kan gado ya zaro ido, yana numfashi da ƙyar.

"'Yata, wannan za ki zura min tsakanin haƙarƙari?"

"Shi fa, Baba. Iska ta taru a ƙirjinka, ta danne huhu."

"To ai iska ce, ba jini ba! Siriri ya wadatar. Wane marar imanin ne ya koya miki aiki?"

Ta gimtse dariya. Siririn yana ɓoye a bayan tire tun ɗazu.

"Wani malaminmu ne. Kullum cewa yake babban mutum sai babban bututu, marasa lafiya raki ne da su. Ranar da na ɗauko siriri, har kuka ya sa ni."



Ta ciro siririn. "Wanne zan sa, Farfesa? Naka ko nawa?"

Ya runtse ido. "Naki. Amma don Allah kada ɗalibaina su ji."

Daga bayan labule muryoyi suka haɗa baki: "Allah ya ƙara sauƙi, Farfesa!"