Fitilar Kujerar Dama

Da rana tsaka ya sauke ƙofar garejin don a samu duhu, ya ce wa 'yarsa ta hau kujerar dama. Shekara tara ke nan yana harhaɗa ƙaramin jirgin saman nan, ƙusa bayan ƙusa, duk sanyin Wisconsin ta Amurka. Yau ya gama fitilun ciki, kuma so yake ta yarda ta raka shi tashin farko.

Ya danna maɓalli. Siririn farin haske ya sauka daidai cinyarta.

"Don mamarki na tsara wannan, tun tana raye," ya ce. "Ta riƙa karatu muna sama. Sati uku ina saita ta."

"Ta yi kyau, Baba." Ta shafa fitilar. "Ta gefen gadonta fa, da ta shekara biyu tana roƙon ka gyara? Da tocila ta karanta littafinta na ƙarshe. Ni na riƙe mata."

Ta fara laluben hannun ƙofa.

Ya kashe farar, ya kunna jar fitilar nan ta matuƙa jirgi, wadda ba ta kashe ido a duhu. A ƙarƙashinta ba a gane fuskar da ta yi ja don kunya.