Awon Litinin

"Ka ga amfanin barin gishiri, Baba? Jininka ya sauka, kamar na saurayi. Ba sai ka sake zuwa ba."

Malamin asibitin ya kwance abin awon daga damtsen dattijon, ya kira na gaba.

Tun da kuɗin fetur suka iso Wudil, ofishin da dattijon ke aiki ya samu fanka da mota da awon hawan jini kowace Litinin. Wai gwamnati ta damu da ma'aikatanta. Shi dai tun rasuwar matarsa, nan kaɗai ake riƙe hannunsa, a tambaye shi yadda ya kwana, har a jira amsa.

Ya yi godiya sosai. A hanyar gida ya tsaya bakin gada, ya sayi mudun gishiri.