Masassaƙi da Saiwar Kanya

Kai da kake kukan ka bi duk abin da aka koya maka amma aikinka ya ƙi yin rai, gyara zama ka ji abin da ya sami wani masassaƙi.

A wani ƙauye na gefen fadama aka yi shi. Shekara tara ya yi a gaban wani tsohon gwani yana koyon sana'a. Ranar da aka sallame shi, ya tafi da gizago da damin karare, kowane kara da abin da yake aunawa: wannan na ƙafar kujera, wannan na bakin akushi, wannan na mariƙin koshiya, wato cokalin itace. Ya riƙe kararen nan kamar ransa. Ba ya sara sai ya auna, in ya sara kuma ya sake aunawa. Itacen da ya zo da ƙulli ko karkata, sai ya wurga shi bayan ɗaki, don abin da ya ga maigidansa yana yi ke nan. Sau da yawa yakan ɗauki wani murɗaɗɗen reshe, ya ji a ransa akwai wani abu kwance a ciki yana jiran a fito da shi, har yatsunsa su fara ƙaiƙayi, sai ya tuna ba shi da karan auna wannan, ya yar. Kayansa ba su da aibu, amma ran kasuwa mata sukan ɗaga su juya, su ce, "Kamar na tsoho, amma ba na tsoho ba ne," su yi gaba. Haka ya yi ta kai kaya yana dawowa da su, har ya fara tunanin sayar da gizagon ya tafi birni dako.

Ana cikin haka ciwo ya kayar da yayarsa, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta tashi, amma hannunta na dama ya ƙandare, yatsun sun dunƙule, babban yatsa kaɗai ke motsi. Mace ce mai zuciya, wadda ta ciyar da gida guda da hannun nan. Ta ce ita ba za ta ci da hagu ba, kuma ita ba jaririya ba ce da za a riƙa ɗura mata. Ƙanen ya sassaƙa mata koshiya miƙaƙƙiya a kan awon maigidansa. Tana kamawa ta suɓuce, fate ya zube mata a zane a gaban matan 'ya'yanta. Ta juya fuskarta ga bango. Kwana uku babu abin da ya shiga cikinta sai ruwa.

Rana ta huɗu da hantsi ya zauna kusa da ita, ya ɗora ƙandararren hannun a tafinsa. Ya daɗe yana shafa shi, yana jin inda ya lanƙwashe, da inda ya bar 'yar kafa, da tabon ƙunar da ta samu tun tana budurwa wajen dama masa koko. Idonsa ya cika da hawaye. Ya tashi, ko kallon karare bai yi ba, ya nufi tarin itacen da ya yasar, ya zaro wata saiwar kanya mai murɗe-murɗe. Bai taɓa sara babu awo ba sai ranar. Inda saiwar ta karkata ya bi ta. Inda zuciyarsa ta ce tsaya, ya tsaya, ko da idonsa na cewa da saura. Ya bar ƙulli ɗaya daidai inda babban yatsa zai tokare. Da ya kai ƙarshen mariƙin, ya ga ragowar itacen ya yi kama da tantabara ta sunkuyar da kai, irin waɗanda yayar take kiwo, sai ya fito da ita da bakin wuƙa, abin da ba wanda ya taɓa koya masa.

Duk wanda ya ga koshiyar zai ce karkatacciya ce. Amma da ya zura ta cikin dunƙulallen hannun, sai ta zauna daram kamar tare aka halicce su. Yayar ta ɗebi fate, ta kai baki, bai zube ba. Ta sake ɗiba. Sai da ta ga ƙasan akushi sannan ta lura da tantabarar, ta yi dariyarta ta farko tun kwanciyarta, ta ce, "Auta, ashe kana nan, ka ɓuya duk shekarun nan?"

Bai yi arziki nan take ba, wasu ma suka ce ya bar hanya. Amma masu zuwa dubiya sun gani, suka fara sallama a ƙofarsa: wannan sandar dogarawa yake so, waccan kujerar da za ta karɓi ƙugunta. Ba ya taɓa itace sai ya zauna da mutum ya ji damuwarsa. Daga nan in an ga aikinsa a kasuwa, tun daga nesa ake cewa na wane ne, ba a ƙara kamanta shi da kowa ba.

Ka ga, abin da aka koya maka tsani ne, ba ɗaki ba ne. Shi ya sa Hausawa suka ce, zanen aro ba ya rufe katara.