Layin Rawaya a Ƙofar Asibiti

Dattijo Don Evaristo bai iya buga tukunya ba. Ya riƙe ludayin kamar alƙalami, ƙarar kuwa ko tattabarun bakin titi ba ta tayar ba.

Kwana goma sha tara ke nan matarsa Nélida tana kwance a hawa na uku, tana jiran aikin zuciya. Kullum sai a ce gobe. Waɗanda yake kira a waya duk sun daina ɗauka. Da safen nan wata nas ta raɗa masa cewa in aka wuce makon nan, sai dai haƙuri.

Da can kowa ya san maganin irin wannan. Dangi su taru da tukwane a ƙarƙashin tagar shugaban asibiti, su yi ta bugu har kunya ta sauko da shi. Yanzu an ja layi rawaya a kan kwalta, mita ɗari biyu daga ƙofa, an hana zanga-zanga a cikinsa. Daga nan ko maƙogwaronka zai tsage, mai tagar ba zai ji ba.

Sauran masu tukwane sun bar masa fili, ba wanda ya tsaya kusa da shi. Doña Tránsito mai tuyar wainar masara ta arepa, wadda ɗanta ya mutu yana irin wannan jira bara, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ƙara ƙarfi mana, ranka ya daɗe. Ko tsoron damun marasa lafiya kake yi?"

Ya tsallake layin, yana bugu yana kiran sunan Nélida, babban mutum yana kuka a bainar jama'a. Bai yi taku goma ba 'yar sanda Yuleidy ta sha gabansa.

"Ka koma, Don Evaristo, ka rufa mini asiri. In na kama ka kwana uku ne a tsare. Wa zai zauna da ita?"

"'Yata, minti biyar. Shugaban asibitin ya leƙo kawai ya gan ni."

Ta zaro takardar dokar kamar yadda aka umarce su, ta fara karantawa: "Domin kwanciyar hankalin marasa lafiya..."

"...an hana duk wani taro ko hayaniya," ya ƙarasa mata. Ludayin ya suɓuce daga hannunsa.

Ko kalma ɗaya bai ɓata ba. Shi ya rubuta dokar shekara huɗu da suka wuce, lokacin yana kan mulki, ya sa hannu a ƙasa: Evaristo Quiñones, magajin gari.