Birkin Tsohon Direba

Wata tsohuwa ta dire kwamfuta a teburin mai gyara, ta turo mijinta a keken guragu ta tare ƙofar shagon da shi.

"Ƙura na ce ka share mata, ɗan nan, ban ce ka juye mata ciki ba. Ina wasan tuƙin babbar motar da ke ciki?"

"Mama, tsarin da ke kanta ya tsufa, shi ne na sa sabo. Wasan ba ya jin yaren sabon. Ki haƙura, zamaninsa ya wuce."

"Ni ma na tsufa. Ka ga an binne ni?"

Mijin tsohon direba ne. Tun da jikinsa ya shanye, ba abin da ke buɗe masa baki sai wasan nan, kuma tun da wasan ya daina tashi bai ƙara cewa uffan ba.

Mai gyara ya sosa ƙeya. "Akwai wata manhaja da ke shiga tsakaninsu kamar tafinta. Amma fa sai an sha wahala."

"To, sha. Ba mai shiga, ba mai fita."

Ya ɗora manhajar, allon ya yi baƙi ƙirin. Ya sake, hoto ya zo babu sauti. Ta zauna daram a kan akwatin kayan aikinsa. Can sai injin motar wasan ya yi gurnani.

Mai gyara ya tura madannan kwamfutar gaban tsohon. Ta fizge.

"Da wane hannun zai tuƙa?"

Ta figi motar, ta nufi kwana a guje. Leɓen tsohon ya motsa.

"Ke... birki! Za ki kashe mu!"

Ta share ido da bakin mayafi, ta ƙara wuta.