Rediyon da Ya Faɗo Daga Silin

Warin ne ya fara shiga shagon Malam Iliyasu mai gyaran rediyo, sannan matar ta biyo baya da buhu a ka. Ta sauke a kan tebur ta kwance bakinsa. Akwatin katako ne, kashin jemage ya daskare a kansa kamar an yaɓe shi da taɓo. Kyankyasai suka fito suka bi ƙafar tebur.

Ina zaune a bakin shagon a ranar. Talata ce ko Laraba, wannan ya kuɓuce mini. Lokacin kwasar tumatir ne dai, don motocin kwanduna suna ta wucewa a titin Kura.

Sunanta Naomi, daga wani ƙauye bayan Bunkure. Ta ce ana rushe tsohon ɗakin ajiya na ƙungiyar manoman rani da ke bakin babban kanal, leburori suka ɓalle silin, wannan ya faɗo. Shekara arba'in da shida ke nan da rediyon ƙungiyar ya ɓata daga ɗakin, kuma mahaifinta ne mai gadi a lokacin.

"Tambaya sunansa," in ji Malam Iliyasu, bai ɗaga kai ba.

"Shi. Yana nan da ransa, idanu ne suka tafi."

An ce shi ya sace ya sayar. Ya rantse da abin da kakanninsa ke rantsuwa da shi, aka ce wannan ba rantsuwa ba ce. Aka sallame shi daga gadi, aka cire sunansa daga rabon filin ban-ruwa. Har yau idan yaran gidan suka yi faɗa a makaranta, jikokin ɓarawon rediyo ake ce musu. Da abin ya fito kuma, wasu suka fara cewa ai ɓoyewa ya yi, bai sami zarafin ɗauka ba.

"Malam, so nake a gaya mini ko rediyon da ya ɓata ne. In shi ne, ya yi magana a kunnen babana kafin ya bar duniya. An ce duk Kura kai kaɗai ka rage da ka san irinsa."

Malam Iliyasu ya ɗaure hancinsa da ƙyalle. Ya kifa akwatin, ya kankare wuri ɗaya a gindinsa da bakin wuƙa, sai ga hatimin ƙungiyar da aka ƙona da ƙarfe a jikin katakon.

"Shi ne. Ƙirar Ingila, mai bawul."

Bawul 'yan kwalaben gilashi ne da ke cikin rediyon zamanin da. Sai sun yi zafi sun yi ja murya ke fita. Na tuna mukan zauna muna jira kamar masu jiran ruwa ya tafasa.

Da ya cire murfin baya, zarnin fitsarin ɓera ya buge shi. Ga sheƙa ta tsummoki, ga busasshen ɓera ya manne da waya. Ya fita bayan shago ya daɗe yana kakari. Kwana uku yana wankewa da kananzir da tsohon buroshi, yana tofar da yawu. Abincin da aka kawo masa daga gida haka ya koma.

Rana ta huɗu Naomi ta dawo, ya nuna mata taransifoma da ta ƙone ƙurmus.

"An jona shi da janaretan famfon ruwa, wutar ta fi ƙarfinsa. Sannan aka buɗe shi aka yi ƙoƙarin rufe ɓarnar da dalma. Dubi likin, kamar kashin kaza. Mai gyara ne ya yi wannan, ƙazami, matsoraci. Babanki ko sukudireba bai taɓa riƙewa ba."

"Za ka faɗi haka gaban mai unguwa?"

Ya ci gaba da naɗa sabuwar waya.

Da ya gama ya ba shi wuta. Bawul huɗu suka yi ja, rediyon ya ɗauki gurnani, babu murya. Naomi ta leƙa ta ga rami na biyar wayam.

"Ana samu a Sabon Gari?"

"Rabon da a sayar da irinta tun kina yarinya."

Ta zauna a benci ta zuba tagumi. Can aka kira la'asar. Sannan Malam Iliyasu ya taka kujera ya sauko da wani gwangwanin madara mai tsatsa. A cikinsa akwai kwalba ɗaya naɗe da auduga. Ya goge ta, ya dasa a ramin, ta zauna daram. Ta yi ja. Sai ga muryar wata mata tana sanar da manoma ranar da za a saki ruwa.

Masu gyaran zamanin da suna da wata ɗabi'a. Duk gaggawar da suke yi su rabu da mataccen rediyo, hannunsu ba ya yarda ya bar lafiyayyen kaya a ciki.

Naomi ta share ido da gefen mayafi. "Ikon Allah. Malam, ina ka samo wadda ta yi daidai haka?"

Malam Iliyasu ya kwance ƙyallen hancinsa, ya ɗauki mukullin shago.

"Tashi mu je wurin Tambaya, mu biya ta gidan mai unguwa. Daga wannan ramin na zare ta da hannuna, ranar da na ƙona rediyon na cusa shi a silin."