Waken Mas'uda

Mas'uda ta juye gwangwanin a kan teburin asibiti, wake ya gangaro, Malama Bilkisu ta tare shi da gefen hannu. Guda huɗu. Watan farko goma sha tara ta kawo.

Dabarar Malama Bilkisu ce, ma'aikaciyar lafiyar da ke duba masu ciwon fargaba a Rabah. Mas'uda ba ta yi boko ba, don haka duk sanda abin ya taso mata, zuciya ta hau dukan ƙirji, numfashi ya sarƙe, zufa ta keto, sai ta jefa wake ɗaya a gwangwani, ta riƙe ranar a ka. Ga magani kullum safiya, ga darasin jan numfashi a hankali.

"Waɗanne ranakku suka rage?" in ji Malama Bilkisu.

"Juma'a ta, Malama. Duk huɗun."

Ciwon ya samo asali bara. Ranar kasuwa, da rana tsaka, maza sun watse, 'yan bindiga suka shigo ƙauyensu a kan babura. Maƙwabciya ta suri Fatsuma, ɗiyar Mas'uda, ta faɗa cikin gero da ita, ita kuwa uwar ta haye rumbu ta ja murfi. Tana tuna ƙaiƙayin gero a wuyanta. Tana tuna kwana arba'in da ta yi a hannunsu a daji. Abin da ke tsakani kuwa babu, kamar an yanke da wuƙa.

Da ta dawo, wata rana abin ya kama ta a bakin murhu tana riƙe da yarinyar, saura ƙiris a yi aika-aika. Surukinta Alhaji Mode ya yanke hukunci: Fatsuma ta koma gidansa sai uwar ta warke. Wa zai ja da dattijo? Wata shida ke nan Mas'uda na kwana da 'yar rigar yarinyar a ƙarƙashin matashi, kuma wannan rashin ya fi ciwon cin ranta.

Alhaji bai so zancen asibiti ba. Ya aiko da rubutu, ya aiko da hayaƙi, ya ce, "Mi za a tono? Abin da ya wuce a bar ma Allah." Mijinta Almustapha, mai noman albasa, bai iya musu ba, amma ya iya taurin kai. Ya ɗora ta a babur ya kai ta.

Laraba ma, ƙanwar mijin, da suke wuni tare suna kitso, ta ɗauke ƙafa. An ce ranar harin har 'yan bindigar sun riƙe hannunta, Allah ya kuɓutar da ita. Yanzu in suka haɗu a rijiya sai ta kau da kai. Mas'uda ta ɗauka ƙyamar da ake yi wa wadda ta dawo daga daji ce, ta haɗiye.

Da aka fara ganin Juma'a ta yi yawa a lissafin wake, Malama Bilkisu ta ce ƙarar baburan masallata ce. Aka bi ta nan. Farko Mas'uda ta saurari babur daga nesa, sannan Almustapha ya riƙa tayar da nasa a tsakar gida tana zaune tana jan numfashi, har ta kai tana tankaɗe yana ruri ba ta ɗago ba. Sauran ranaku suka yi lafiya. Juma'a ta ƙi.

Abin da ba ta faɗa ba, don matar kirki ba ta kawo zancen surukinta a bakin hira, shi ne duk Juma'a in an sauko, Alhaji kan biyo ya tsaya a zaure ya yi gyaran murya. Nan take sai ta zube bayan ƙofa tana karkarwa har ta suma. Matan gida kuwa sai yabo: "Kunya ta. Irin tarbiyyar da, wadda babu ita yanzu." Ita ma haka ta yarda.

"Daga sha tara zuwa huɗu ai an ci ƙarfinsa," in ji Malama Bilkisu. "Tahi ki amso ɗiyarki. In ya taso, kar ki gudu, kar ki runtse ido. Tsaya ki ja numfashi, ki ga iyakarsa."

Washegari da hantsi ta yi wanka, ta yafa mayafi, ta taka da ƙafarta har gidan Alhaji. Ta durƙusa nesa da tabarma, kai a sunkuye. Ta gefen ido ta hango Fatsuma a cinyarsa, ta yi ƙiba, tana wasa da carbinsa. Daɗi ya kusa sa ta kuka.

Alhaji ya yi gyaran murya.

Abin ya taso kamar kullum. Kunnuwanta suka toshe, ƙasa ta fara juyawa. Ta dafa ƙasar da hannu biyu. Ta ja numfashi ta hanci, ta riƙe, ta saki a hankali. Ta sake. Ta sake. Karon farko cikin shekara guda ba ta suma ba, kuma da yake ba ta suma ba, abin da aka yanke ya dawo mata cif.

Tana cikin duhun rumbu, 'yan bindigar ba su san tana nan ba. Ta ji wannan gyaran muryar a ƙasa, sannan murya mai taushi: "Hito, ɗiyata, sun tahi." Ta sauko kai a sunkuye, yadda ya kamaci suruka. Ƙafafu kawai ta gani: takalman roba na mutum uku, ƙafar Laraba mai lalle tana rawa, da takalmin Alhaji. Sai ta ji ya ce da su, "To ga matar ɗana nan. Ku sakam mini ɗiyata."